Giɓi

A Setubal, bakin teku,
bangon tsohuwar kasuwar kifi ya zube a ruwan hunturu.
Tayil shuɗi da fari, zanen kakannin kakanni,
ya tashi daga hoto ya koma tsakuwa.
Gutsure dubu tara da ɗoriya
aka kwaso mana a akwatunan sardin.

Ni ce Benedita, burushi ne gadona.
Anselmo kuwa mutumin sinadari ne,
yana karanta shekarun shuɗi daga ƙurarsa,
amma ka ce ya zana kyanwa, buhu za ka gani.
Shekara uku muna sunkuye kan tebur guda,
ina haɗa baki da baki, yana awon yumɓu,
ba mu wuce wutsiyar kwalekwale ɗaya ba.

Sai ya shigo da basirar na'ura a jakarsa.
Ta dubi kowane gutsure sau ɗaya,
duban da babu ƙiftawa.
Muka sha gahawa, muka tafi barci.
Da asuba ta ce: wannan ƙanen wancan ne,
wancan kuma maƙwabcinsa na hagu.
Kafin mako ya zagayo teku ya koma mazauninsa,
taru ya miƙe, masunta suka tsaya da ƙafafunsu.
Na yi kuka, ba na ɓoyewa.
Har ta nuna abin da idona ya tsallake:
ƙarƙashin gishirin shekara ɗari biyu,
sawun yatsan yaron da ya ɗauki tayil tun bai bushe ba.

Amma a tsakiyar bangon akwai mace
da kwandon kifi a ka.
Wuya akwai, ɗankwali akwai, fuska babu.
Tayil huɗu sun bi ruwa.

Anselmo ya ce mu tambaye ta.
Ba ta ce ban sani ba.
Ba a koya mata wannan ba.
Nan take ta miƙo fuska:
hanci zuwat, ido daidai da ido,
kumatu sumul kamar iskar teku ba ta san su ba.
Fuskar mata dubu aka dama a ƙwarya ɗaya,
aka tace, aka zubar da tsakin.
Kyakkyawa ce, amma ba 'yar kowa ba.

Na ce ba zan zana ba.
Ya nuna min lissafi: tamanin da bakwai cikin ɗari.
Na ce sauran sha ukun fa?
Ai a nan mutum yake zaune.
Ya ce ke ma in kin zana ƙirƙira za ki yi,
daga fuskar innarki ko ta maƙwabciya.
Na yi shiru, don ya taɓa inda ke ciwo.
Kwana tara gaisuwarmu da ka kawai.

Ran na goma, mai gyaran kwata
ya tono wani gutsure, bai kai tafin hannu ba.
Baki ne.
A wangame, tana kiran farashi,
haƙora biyu na gaba sun daɗe da tafiya.

Na'ura ta gani, ta ce gurbinsa ga shi,
kuma gaskiyarta.
Sannan ta share fuskar jiya ba kunya ba tsoro,
ta miƙo wata mai giɓi,
da tabbaci irin na farko.
Anselmo ya yi dariya har ya cire tabarau.

Muka manna bakin a wurinsa,
muka bar tayil uku fari fat.
Masu ziyara kan tambayi ina idanunta,
sai in ce suna wajen teku.

Jiya an kawo akwatuna daga wata majami'a a Palmela.
Ni na fara kunna na'urar, ban jira Anselmo ba.
Sai dai Graciete, yarinyar da nake koya wa aiki,
ta ɗauki gutsure biyu, ta juya su,
ba ta shafa bakinsu da yatsa ba.
Ta ɗaga su ga allo, tana jira a gaya mata.